FRANZ BOAS (1858-1942): MALAMIN DA YA FASA ƘWAN 'YAN LEƘEN ASIRI

Gabatarwa

Ɗalibin harshe ko al'ada, in tafiya ta yi tafiya, ba makawa wata rana zai ajiye littafi ya rataya jaka ya shiga gari ko ƙauye neman bayanai daga bakin mutane. Zai zauna gaban tsohuwa ta yi masa tatsuniya, ko gaban maƙeri ya lissafa masa sunayen kayan aikinsa, ya rubuta, ya dawo ya haɗa kundi, a ba shi digiri. Wannan hanya ta bincike da muke gani kamar tare aka halicce ta da jami'a, akwai waɗanda suka share ta, kuma ɗaya daga cikin manyansu shi ne Franz Boas, Bayahuden Jamus da ya koma Amurka da zama, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin nazarin ɗan'adam da al'adunsa, wato anturofoloji, a can Amurka. Tarihin wannan bawan Allah ya shafe mu ta fuska biyu: yadda ya shirya ɗalibansa suka zama malamai, da kuma batun amanar da ke tsakanin manazarci da mutanen da suka buɗe masa ƙofofinsu. A wannan batu na biyu, kamar yadda mai karatu zai gani, Boas ya tsaya tsayin daka a wani wuri, ya kuma yi mummunan tuntuɓe a wani.

Haihuwa da karatu

An haifi Boas ranar 9 ga Yuli, 1858, a garin Minden na ƙasar Jamus. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, mahaifiyarsa kuwa ita ta buɗe makarantar renon yara a garin. Ya yi karatu a jami'o'in Heidelberg da Bonn da Kiel, inda ya sami digiri na uku a shekarar 1881. Abin mamaki, ba a fannin al'ada ko harshe ya yi digirin ba, a fannin fiziks ya yi shi, kuma kundinsa a kan launin ruwa ne. Ya bar jami'a da tabon takobi a fuska, domin a wancan zamani ɗaliban Jamus kan warware rigima ne da karawa da takobi.

Shi wannan bincike na launin ruwa, duk da alamar ba shi da haɗi da abin da ya yi suna a kai, shi ya dasa masa tambayar da ta bi shi har kabari. Ya lura cewa abin da na'ura ta auna daban, abin da idon mai kallo ya gani daban. To, me ke tsara yadda mutum yake gani da ji? Muhallinsa ne, ko jininsa, ko abin da ya tashi ya tarar ana yi a gidansu?

Shekara guda a cikin ƙanƙara

Don neman amsa, a 1883 ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Baffin da ke can ƙuryar arewacin Kanada, shi da wani hadimin gidansu mai suna Wilhelm Weike. Niyyarsa ta masanin labarin ƙasa ce: ya zana taswira, ya ga yadda ƙanƙara da sanyi suke juya rayuwar mutanen Inuit. Ya shekara a cikinsu, yana sa tufafin fata irin nasu, yana cin ɗanyen naman dabbobin teku tare da su, yana tafiya a keken ƙanƙara da karnuka ke ja. Ya tattara ɗaruruwan sunayen wurare daga bakinsu, kuma su da kansu suka riƙa zana masa gaɓar teku yana kwafa.

A nan ne mai digiri na uku ya gane cewa in ba don waɗannan mutane da Turai ke kira marasa wayewa ba, da ko mako guda bai yi a raye ba. Ilimin da ya ɗauko daga Kiel bai iya gaya masa inda ƙanƙara za ta ɗauki nauyin mutum da inda za ta burma ba. Ya dawo da ra'ayin cewa wayewa aba ce da ake aunawa da ma'aunin kowace al'umma, kuma muhalli kaɗai bai isa ya bayyana al'ada ba, sai an haɗa da tarihin mutane. Littafinsa a kan Inuit ya fito a 1888.

Neman gindin zama

Ɗalibin da ke zaton manyan malamai daga kammala karatu sai kujera, ya dubi shekaru goma da suka biyo baya a rayuwar Boas. Ya yi aiki a gidan adana kayan al'adu na Berlin ƙarƙashin Adolf Bastian, ya kai ziyararsa ta farko gaɓar tekun yammacin Kanada a 1886, sannan a 1887 ya tare a New York, ya auri Marie Krackowizer, ya kama aikin mataimakin edita a mujallar *Science*. Daga nan sai Jami'ar Clark, inda ɗalibinsa Alexander Chamberlain ya zama mutum na farko da ya sami digiri na uku a wannan fanni a Amurka, a 1892. A shekarar ce kuma Boas ya ajiye aiki tare da wasu malamai saboda saɓani da shugaban jami'ar. Ya yi wahalar shirya sashen al'adu na babban baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, yana sa ran za a ba shi riƙon sashen a sabon gidan tarihin da aka kafa bayan bikin, sai aka ɗauko wani aka ba. Haka ya yi ta 'yan ayyukan wucin gadi, ga iyali, har zuwa 1896 da ya sami aiki a babban gidan tarihin halittu na New York da kuma koyarwa a Jami'ar Kolumbiya. Ya zama farfesa a 1899, yana da shekara 41.

Laifin kunne ne, ba na baki ba

Akwai wata gajeriyar maƙala da ya buga a 1889 wadda ya kamata kowane ɗalibin harshe ya san da ita. A lokacin, wasu masana na cewa harsunan 'yan asalin Amurka ba su nuna ba, wai masu su ba su da tsayayyen furuci, yau su faɗi kalma da wannan sauti gobe da wancan. Boas ya koma kan takardunsa na Baffin ya ga shi ma ya rubuta kalma ɗaya ta hanyoyi dabam-dabam. Sai ya nuna cewa mai magana bai sauya komai ba. Baƙon da ke saurare ne yake jin sautin da babu shi a harshensa, kunnensa ya riƙa jefa shi wani lokaci cikin wannan rami, wani lokaci cikin wancan, daga ramukan da ya saba da su.

Wanda ya koyi Hausa da girmansa ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Kafin kunne ya faɗa, *kafa* da *ƙafa* duk ɗaya ne, haka *bata* da *ɓata*, haka *daka* da *ɗaka*. Shi ma Bahaushe haka yake fama da bambancin *p* da *f* in ya shiga Turanci. Ba wanda harshensa ya gaza a cikinsu. A kan wannan tushe ne Boas ya gina babban aikin da ya jagoranta na nahawun harsunan 'yan asalin Amurka, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1911, inda ya dage cewa a bayyana kowane harshe da tsarin kansa, a daina tura shi cikin rigar nahawun Latin. A gabatarwar wannan littafi ne ya kawo misalin kalmomi huɗu na Inuit da suka shafi dusar ƙanƙara, waɗanda 'yan bayansa suka yi ta ƙara wa gishiri har suka mai da su hamsin ko ɗari. Wannan ƙarin ba nasa ba ne.

A wannan shekara ta 1911 ya fitar da littafinsa *The Mind of Primitive Man*, mai bayanin cewa launin fata da harshe da al'ada abubuwa uku ne da kowanne ke tafiyarsa, ba a ɗaure suke da igiya ɗaya ba. Ya kuma auna kawunan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka da 'ya'yansu kusan 18,000 a New York, ya nuna cewa siffar kai, wadda ake ɗauka tambarin jinsi ne da ba ya sauyawa, tana ɗan bambanta tsakanin yaran da aka haifa a Turai da waɗanda aka haifa a Amurka. Tun a 1906 ma, bisa gayyatar W. E. B. Du Bois, ya je Jami'ar Atlanta ya yi wa ɗalibai baƙar fata jawabi a kan daulolin Afirka na kudu da Sahara da ƙirar ƙarfe da kasuwanninsu, abin da shi kansa Du Bois ya ce ya girgiza shi.

Tabon da bai gogu ba

Sai dai tarihin da aka cire wa ɗaci ba tarihi ba ne. A tafiye-tafiyensa na farko a yammacin Kanada, musamman ta 1888, Boas ya tone kaburburan 'yan asalin ƙasar a ɓoye, ya kwashi ƙoƙunan kai da ƙasusuwa, ya kuma sayar da wasu ga gidajen tarihi. Rubuce-rubucensa na sirri sun nuna aikin bai yi masa daɗi ba, amma bai fasa ba.

Mafi muni shi ne labarin yaro Minik. Boas ya roƙi matafiyin nan Robert Peary ya zo masa da mutum ɗaya daga arewacin Girinlan, ya zauna a New York na ɗan lokaci a yi nazarin harshensa da al'adarsa. A 1897 Peary ya sauke mutum shida. Aka ajiye su a ɗakin ƙasa na gidan tarihin, ba da daɗewa ba tarin fuka ya kama su, huɗu suka mutu. Cikin mamatan har da Qisuk, mahaifin Minik, yaron da bai fi shekara bakwai ba. Ma'aikatan gidan tarihin suka naɗe gungumen itace cikin mayafi suka binne a gaban yaron, a matsayin gawar ubansa, ita kuwa gawar ta gaskiya aka feɗe ta aka adana ƙwarangwal ɗin. Sai bayan shekaru Minik ya gano, ya yi ta roƙon a ba shi ƙasusuwan mahaifinsa, ba a ba shi ba. Da 'yan jarida suka tuntuɓi Boas, wanda ya riga ya bar gidan tarihin tun 1905, bai musa an yi jana'izar bogi ba, ya dai nuna an yi ne don a kwantar wa yaron da hankali, kuma bai ga wani babban abin zargi a ciki ba. Minik ya rasu a annobar mura ta 1918. Ƙasusuwan mutanen huɗu kuwa sai a 1993 aka mayar da su Girinlan aka binne.

A ganina ba a wanke Boas da cewa haka zamaninsa yake. Mutumin da ya fi kowa a zamanin nan nanata cewa Ba'inuit da Bajamushe daidai suke a hankali da mutunci, shi ne ya fi cancanta ya san cewa uban wani ba kayan ajiya ba ne.

Akwai kuma batun wanda ya yi aiki da wanda ya ci suna. Dubban shafukan da Boas ya wallafa a kan al'ummar Kwakwaka'wakw, yawancinsu George Hunt ne ya tattara ya rubuta su cikin harshen Kwak'wala, ya riƙa aika masa ta gidan waya har zuwa rasuwarsa a 1933. Hunt ɗan wani Bature ne da wata mata 'yar ƙabilar Tlingit, a cikin Kwakwaka'wakw ya tashi, a cikinsu ya yi aure. Adalci a faɗa, Boas ya sa sunan Hunt a bangon wasu littattafan, kamar yadda ya sa na Ella Deloria a nahawun harshen Dakota na 1941, abin da kaɗan ne cikin tsararrakinsa suke yi. Amma kujerar farfesa da lambobin yabo New York suka tafi. Ɗalibin da ke rubuta sunan tsohuwar da ta ba shi rabin kundinsa a layi ɗaya can ƙarshen rataye, ya san wannan ciwo bai warke ba.

Malami da almajiransa

A Kolumbiya Boas ya shafe shekara arba'in yana koyarwa, kuma tsarin da ya kafa shi ne ɗalibi ya taɓa fanni huɗu: al'ada, da harshe, da ƙirar jikin ɗan'adam, da tonon kufai. Darussa biyu ya fi riƙewa da kansa, ƙididdiga da harsunan 'yan asalin Amurka. Ba malami ne mai tauna wa ɗalibi ya sa masa a baki ba. Yakan zube wa ɗalibai matani cikin harshen da ba su taɓa ji ba, ya bar su su tono nahawun da kansu. Dabarun zaman fili kuwa, wato yadda za ka shiga gari, wa za ka fara gaisarwa, yaya za ka yi tambaya, bai cika koyar da su ba. Margaret Mead, wadda ta tafi Samoa a 1925 tana da shekara 23, ta bayyana daga baya cewa kusan da ka ta koyi aikin.

Zora Neale Hurston ta fi kowa ɗanɗana wannan giɓi. Baƙar fata ce daga Florida, Boas ya tura ta gida a 1927 ta tattaro tatsuniyoyin mutanenta. Ta isa tana yi musu tambaya da gogaggen Turancin kwaleji, mutane suka dube ta suka ce ba su san wata tatsuniya ba. Ta dawo kusan hannu rabbana. Sai da ta koma ta saki baki ta yi magana irin tasu, ta zauna inda suke zama, sannan labari ya ɓarke, har ya zama littafin *Mules and Men* na 1935, wanda Boas ya rubuta wa gabatarwa.

Inda ya yi fice shi ne samar wa almajirai wurin tsayawa. Ya san ilimi ba ya yaɗuwa sai da kujeru da kuɗin bincike, don haka ya yi ta rubuta wasiƙu yana neman tallafi wurin masu hannu da shuni irin su Elsie Clews Parsons. Alfred Kroeber, wanda ya gama a 1901, ya tafi Kalifoniya ya gina sashe a Berkeley. Edward Sapir ya tafi Ottawa a 1910, daga baya Shikago da Yale. Manuel Gamio ya koma Meziko. Mata da yawa sun shigo fannin ta hannunsa, suna kiransa Papa Franz, sai dai kasuwar aiki ba ta yi musu adalci ba. Da ya yi ritaya a 1936, Ruth Benedict ce ta riƙe sashen, amma jami'a ta ɗauko Ralph Linton daga waje ta ba shi shugabanci, ita kuwa ba ta zama cikakkiyar farfesa ba sai a 1948, shekarar da ta rasu. Hurston ba ta kammala digiri na uku ba, ta rasu cikin talauci a 1960.

Ta wannan silsila ce Boas ya taɓo nazarin Hausa. Almajirinsa Melville Herskovits ya kafa sashe a Jami'ar Northwestern, shi kuma ya yaye Joseph Greenberg, wanda tun yana ɗalibin digiri na farko a Kolumbiya ya zauna a ajin Boas na harsuna. Greenberg ya zo ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya yi bincike a cikin Maguzawa, daga baya kuma ya sake rarraba harsunan Afirka, ya tabbatar da Hausa da 'yan'uwanta na rukunin Cadi a matsayin reshe na iyalin Afro-Asiya. Da yin haka ya rushe tsohon ra'ayin Hamitanci, wanda ke cakuɗa launin fata da kiwon shanu da nahawu wuri guda. Duk wanda ya san karatun Boas zai gane hannunsa a wannan aiki.

Wasiƙar 1919

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Boas ya fito fili ya ƙi goyon bayan shigar Amurka yaƙin, abin da ya jawo masa baƙin jini a matsayinsa na haifaffen Jamus. Bayan yaƙi sai ya sami tabbacin cewa wasu masana huɗu sun yi wa gwamnatin Amurka leƙen asiri a Meziko da ƙasashen tsakiyar nahiyar, suna fakewa da binciken kufai, suna nuna takardun cibiyoyin ilimi ana buɗe musu ƙofa. Abin ya taɓa shi ƙwarai, domin shi da kansa ya jagoranci wata makarantar bincike ta ƙasa da ƙasa a birnin Meziko a 1911 zuwa 1912, ya san irin yardar da aka ba su.

Ranar 20 ga Disamba, 1919, mujallar *The Nation* ta buga wasiƙarsa. Bai ambaci suna ko ɗaya ba. Hujjarsa ita ce, soja ko ɗan siyasa ko jami'in jakadanci in ya yi yaudara, sana'arsa ta san da haka, amma shi masani jarinsa gaskiya ce, in ya mai da ilimi mayafin leƙen asiri ya zubar da haƙƙin a kira shi masani, ya kuma shafa wa duk wanda zai zo bayansa kashin kaji, domin daga ranar kowace ƙasa za ta riƙa kallon baƙon manazarci da ido biyu.

Kwana goma bayan haka ƙungiyar masana fannin ta Amurka, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1902, ta yi taronta a Jami'ar Harvard. Maimakon a binciki zargin, sai aka juya kan mai zargin. Da rinjayen kusan biyu bisa uku aka kaɗa ƙuri'ar yin tir da shi, aka cire shi daga majalisar ƙungiyar, aka kuma tilasta masa sauka daga kujerarsa a majalisar bincike ta ƙasa. Ba kishin ƙasa kaɗai ya yi aiki a zauren ba, akwai tsohuwar gaba tsakanin ɓangaren Boas da malaman Harvard da Washington a kan wa zai riƙe ragamar fannin da kuɗinsa. Takardun da aka buɗe daga baya sun nuna gaskiya ya faɗa. Sylvanus Morley, shahararren masanin kufan Maya, ya yi wa sashen leƙen asirin sojan ruwan Amurka aiki, yana bin gaɓar teku yana neman maɓoyar jiragen Jamus masu nutso, kuma wasu daga cikin masu irin wannan aiki suna zaune a zauren suka kaɗa ƙuri'a a kan Boas.

Ƙungiyar ba ta samar da cikakkiyar ƙa'idar ɗa'ar aiki ba sai a 1971, bayan rigingimun da suka tashi a kan amfani da masana a shirin sojan Amurka na Camelot da kuma yaƙi da 'yan tawaye a Tailan. Ƙa'idar ta ɗora haƙƙin mutanen da ake nazari a sama da na kowa. Ƙuri'ar tir da aka yi wa Boas kuwa sai a 2005 aka soke ta, shekara 63 bayan rasuwarsa.

Ƙarshen rayuwarsa

Tsufansa bai zo da hutu ba. Tiyatar da aka yi masa a 1915 ta shanye masa gefen fuska. 'Yarsa Gertrude ta rasu a 1924, ɗansa Heinrich ya bi ta a 1925, mota kuma ta kaɗe matarsa Marie a 1929. Da 'yan Nazi suka karɓi mulkin Jamus a 1933, ya rubuta wa Shugaba Hindenburg buɗaɗɗiyar wasiƙa yana sukar aƙidarsu ta fifikon jinsi, su kuma suka sa littattafansa cikin waɗanda aka ƙona. Sauran shekarunsa ya ƙarar da su wajen nema wa malaman da suka gudo daga Turai aiki, da tara sa hannun masana a kan takardun yaƙi da wariyar launin fata.

Ranar 21 ga Disamba, 1942, ya shirya liyafar cin abincin rana a gidan malamai na Jami'ar Kolumbiya don karrama Paul Rivet, masanin Faransa da ya tsere wa 'yan Nazi. Yana cikin magana a kan wariyar jinsi sai ya faɗi daga kujerarsa, rai ya yi halinsa, yana da shekara 84. Cikin waɗanda ke kusa da shi a teburin akwai wani matashin ɗan gudun hijira daga Faransa da duniya ba ta gama sani ba tukuna, mai suna Claude Lévi-Strauss.